Edvard Munch, mai zanen da ya rayu da kaɗaici

Duk wanda ya taɓa ganin hoton nan na wani mutum a kan gada, ya dafe kunnuwa da hannu biyu, baki buɗe, sama ta yi ja kamar jini, to ya ga aikin Edvard Munch. Sunan zanen Kururuwa, kuma a 1893 ya yi shi.

An haifi Munch ranar 12 ga Disamba 1863 a ƙasar Norwe. Mahaifinsa likitan soja ne mai tsananin riƙon addini. Yana ɗan shekara biyar tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa. A 1877 cutar ta sake ɗauke yayarsa Sophie tana da shekara 15. Daga baya ƙanwarsa Laura ta kamu da taɓin hankali.

Mutuwar Sophie ba ta taɓa barin zuciyarsa ba. Tsakanin 1885 da 1886 ya zana wata yarinya marar lafiya jingine da matashin kai, wata mace ta sunkuyar da kai a gefenta. Ya yi ta kankare fentin yana sake shafawa, har masu suka suka ce aikin bai ƙare ba. Wannan hoton ya sake zana shi sau da yawa cikin shekaru arba'in. A 1892 aka rufe baje kolin zane-zanensa a Berlin bayan mako ɗaya, saboda ce-ce-ku-cen da ya tayar.

Mutanen da ke cikin zanensa sau da yawa suna tare, amma kowa da inda ya sa ido. Ko a ɗakin mamaci ba mai kallon ɗan'uwansa.

A 1908 fargaba da shan giya suka ci ƙarfinsa, ya kwanta asibiti a Kopenhagen ta ƙasar Danmak wajen wata takwas. A 1916 ya sayi wani gida mai suna Ekely a bayan birnin Oslo, ya zauna can nesa da jama'a. Bai yi aure ba, zanensa ya ɗauka tamkar ƴaƴansa, kuma sayar da su na yi masa wuya. A 1937 gwamnatin Hitler ta cire ayyukansa daga gidajen tarihi na Jamus.

Ya mutu ranar 23 ga Janairu 1944 yana da shekara 80, lokacin sojojin Jamus na mamaye da Norwe. Ya bar wa birnin Oslo wasiyyar zane sama da dubu.