Burt Munro: Tsohon da Ya Ƙi Rabuwa da Tsohon Babur

Idan aka ce a kawo tarihin wani shahararren mutum, yawancinmu mukan tuna da sarakuna, ko shugabannin ƙasashe, ko manyan masana. Bana mun ga ya kamata mu ba ɗalibanmu da iyayensu labarin wani mutum dabam, wanda bai taɓa riƙe sarauta ba, bai kuma yi karatu mai zurfi ba. Ɗan manomi ne wanda ya sayi babur guda ɗaya yana saurayi, ya yi fiye da shekara hamsin yana kwance shi yana ɗaurawa a ɗakin aikinsa na gida, har babur ɗin ya yi gudun da ya ba duniya mamaki. Sunansa Herbert James Munro, amma an fi saninsa da Burt Munro.

An haife shi ran 25 ga Maris, 1899, a yankin Invercargill, wani gari da ke can ƙarshen kudancin ƙasar Niyu Zilan. Wannan ƙasa tsibirai ce a cikin teku, kudu maso gabas da Ostareliya. Tagwaye aka haife su, amma 'yar'uwarsa ba ta rayu ba. Ya tashi a gonar iyayensa a Edendale, kuma tun yana yaro aka ga alamar son gudu a wurinsa, gama yakan hau dokin da ya fi sauri a gidan ya yi ta sukuwa a gona, mahaifinsa yana faɗa. Da ya girma ya bar noma ya yi aikin leburanci a wurin haƙa ramin jirgin ƙasa na Otira, ya kuma zauna a Ostareliya na wasu shekaru. Bayan ya komo gida ya zama dillalin babura da makaniki. Ya yi aure a 1927, suka haifi 'ya'ya huɗu.

A shekarar 1920 ya sayi sabon babur mai suna Indian Scout. Kada sunan ya ruɗe mu, ba daga Indiya aka kawo shi ba. Wani kamfani ne a garin Springfield na jihar Massachusetts a Amurka yake ƙera shi. Injinsa mai silinda biyu ne, girmansa cc 600. Wannan cc da muke gani a rubuce a jikin babura ma'auni ne na girman cikin silinda, wato wurin da mai da iska suke haɗuwa su kama wuta su tura fistin. Iyakar gudun babur ɗin a ranar da ya fito daga kamfani mil 55 ne a awa ɗaya, wato kimanin kilomita 89. Mu riƙe wannan adadi, domin za mu komo kansa.

Daga 1926 Munro ya fara taɓa injin. Ba shi da kuɗin sayen kayan tsere, kuma ko da yana da su, yawancin abin da yake bukata babu shi a kanti. Saboda haka ya koya wa kansa ƙera kayan da hannunsa. Da rana yana wajen neman abinci, da dare yana ɗakin aiki, wani lokaci har gari ya waye.

Ga kaɗan daga cikin abin da ya yi. Fistin, wato ƙarfen da yake hawa da sauka a cikin silinda, shi yake zuba abinsa. Yakan tattara tsofaffin fistin na motoci ya narkar da su, ya zuba a cikin tsofaffin gwangwanaye, sa'an nan ya sassaƙe su har su yi daidai. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen dalma a kasuwanninmu ya san irin wannan aiki, sai dai tukunya tana yafe kuskure kaɗan, fistin kuwa ba ya yafewa. Sandunan da suke haɗa fistin da sauran injin ya sassaƙo su daga tsohon ƙarfen gindin tarakta. Bututun da aka haƙo daga ƙasa bayan an daina amfani da shi, ya mai da shi cikin silinda. Ko abin awonsa ma, tsohon silin ƙafar babur ne. Tayoyi kuwa yakan sa wuƙa ya kankare zanensu su yi sumul, domin su dace da gudu mai tsanani.

Babban canjin da ya yi shi ne na bawul. Bawul su ne ƙofofin da suke buɗewa mai da iska su shiga silinda, hayaƙi kuma ya fita. A injin da kamfani ya yi, ƙofofin suna gefen silinda, saboda haka sai iska ta yi kwana kafin ta shiga. Munro ya ƙera sababbin kawunan silinda, ya mai da ƙofofin sama, iska ta riƙa shiga kai tsaye. Injin da yake shaƙar iska sosai yana ƙona mai sosai, ƙarfinsa kuma yana ƙaruwa. A hankali kuma ya yi ta faɗaɗa silinda, daga cc 600 zuwa 850, zuwa 920, har 950. Daga baya ya yi wa babur ɗin riga doguwa mai siffar kifi wadda ta rufe shi duka, shi kuma yana kwance a ciki rubda ciki, domin iska ta zame ta wuce maimakon ta tare shi.

Kada mu ɗauka cewa kowane gwaji nasara ne. Injin ya fashe masa sau da yawa ƙwarai, shi kansa ya sha faɗuwa ya ji raunuka. A ɗakin aikinsa akwai kanta inda yake jera fasassun fistin da karyayyun sanduna. Ba ya zubar da su. Kowane guntu yana nuna masa inda ƙarfe ya gaza, sai ya koma ya ƙera wani wanda ya fi shi. Hausawa sun ce a juri zuwa rafi, wata rana tulu zai fashe. Tulun Munro ya fashe ba sau ɗaya ba, amma kullum sai ya gina wani ya koma rafin.

Wurin gwajinsa shi ne bakin teku na Oreti kusa da Invercargill, inda yashi yake da tauri da tsawo idan ruwa ya janye. Ya kafa tarihin gudu a ƙasarsa sau da dama. Amma akwai lokacin da babur ɗin ya fi ƙarfin filayen gida, sai hankalinsa ya koma Amurka, zuwa wani wuri da ake kira Bonneville a jihar Utah. Tsohon tafki ne da ya ƙafe tun zamanin da, ya bar fili fari fat na gishiri, shimfiɗaɗɗe kamar faranti, mai nisan kilomita da yawa ba dutse ba itace. A nan masu neman gudu daga ko'ina suke taruwa a watan Agusta. Ƙa'idar wurin a zamanin Munro ita ce, mutum ya yi gudu sau biyu, zuwa da dawowa, a auna kowanne, a ɗauki matsakaicinsu, domin kada a ce iska ce ta tura shi.

Munro ya je Bonneville sau goma. Zuwan farko kallo kawai ya yi. A 1962, yana da shekara 63, ya ɗora babur ɗinsa a jirgin ruwa ya ƙetare tekun Pasifik da ɗan guzirin da ya tara. A can ya tarar da mutane masu sababbin injuna da ma'aikata da kuɗi, shi kuwa tsoho ne da babur mai shekara 42. A wannan shekara ya yi mil 178.95 a awa, wato kilomita 288, ya kafa tarihi a ajin injinsa. A 1966 ya sake kafa wani da mil 168.07 a aji na cc 1,000. Sai kuma Agusta 1967, yana da shekara 68, babur yana da 47, ya yi matsakaicin mil 183.586 a awa, wato kilomita 295. A gudun neman cancanta ma, na hanya ɗaya, an auna shi a mil 190.07. Mu tuna da mil 55 na farko. Babur ɗin nan dai ne, amma ya ninka gudunsa fiye da sau uku.

Ya yi duk wannan yana fama da ciwon zuciya wanda ya kama shi tun wajen ƙarshen shekarun 1950. Kuma gaskiya ta sa mu faɗa cewa rayuwarsa ba ta rasa tabo ba. Aurensa ya mutu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ya bar aikin albashi, ya tare a gareji, inda gadonsa da kayan aikinsa da baburansa suke ɗaki guda. Wanda zai yi koyi da naciyarsa, ya kamata ya dubi wannan gefen kuma, ya tambayi kansa abin da ya dace a sadaukar da abin da bai dace ba.

A ƙarshen rayuwarsa ya sami shanyewar jiki, hannu ya daina yi masa biyayya. Da ya ga ba zai ƙara hawa ba, sai ya sayar wa abokinsa Norman Hayes baburansa biyu, wato Indian ɗin da wani Velocette na 1936, domin su zauna a garinsu. Aka ajiye su a kantin kayan ƙarfe na iyalin Hayes a Invercargill, inda baƙi suke zuwa kallo. Ya rasu ran 6 ga Janairu, 1978, yana da shekara 78.

Sunansa bai bi shi kabari ba. A 2005 aka yi fim a kan rayuwarsa mai suna The World's Fastest Indian, wanda Roger Donaldson ya shirya, Anthony Hopkins kuma ya fito a matsayinsa. A 2006 aka sa sunansa a zauren girmamawa na ƙungiyar masu babura ta Amurka, a shekarar kuma aka fara taron babura na tunawa da shi a yankinsu. Wani abin sha'awa ya faru a 2014. Ɗansa John ya sake duba lissafin gudun 1967, ya gano an yi kuskure wajen fitar da matsakaici. Hukuma ta amince, aka gyara adadin ya zama mil 184.087. Shekara 36 bayan mutuwarsa, gudunsa ya ƙaru. Masu raina darasin lissafi sai su lura.

Ya ku ɗalibai, ba mu kawo wannan labari domin wani ya hau babur ya yi tseren ganganci a titi ba. Abin da Munro ya yi suna da shi, ya yi shi ne a fili da aka keɓe, gaban alƙalai da agogo. Abin da muke so ku ɗauka shi ne wannan: da yawa cikinmu, da zarar abu ya tsufa ko ya lalace, sai mu jefar mu sa ido ga sabo, kuma mukan ga aikin hannu kamar na wanda karatu ya ƙi ne. Munro ya zauna da inji guda har ya san kowane ƙusa nasa, ya yi awo, ya yi kuskure, ya sake awo. Wannan ma karatu ne, kuma mai wuya. Idan kun je hutu kuka ga tsohon keke ko keken ɗinki ko babur a jingine a bayan ɗaki, ku nemi izinin mai shi, ku ɗauki sifana, ku buɗe ku ga yadda aka yi shi. Ku jera kayan bi da bi yadda kuka kwance su, domin ku iya mayarwa.