CARL ZEISS, MAI SUNA A IDON KYAMARA

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar kyamara, irin wadda ake sa wa fim, in ya duba zoben da ke kewaye da idonta zai ga an zana suna. Cikin sunayen nan babu wanda masu hoto suka fi girmamawa kamar Carl Zeiss. To, amma abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, har mai wannan suna ya bar duniya masana'antarsa ba ta shiga sana'ar idon kyamara ba.

An haifi Carl Zeiss a garin Weimar na ƙasar Jamus ran 11 ga watan Satumba, 1816. Ubansa gwanin sassaƙa ne, yana yi wa fadar sarkin garin aiki da hauren giwa da makamantansa. A 1834 yaron ya tafi Jena, ya zauna shekara huɗu a hannun wani maƙerin kayan awo mai suna Friedrich Körner, sa'an nan ya shiga yawon neman ƙwarewa, ya yi aiki a Stuttgart da Darmstadt da Biyana da Balin. Da ya komo ya nemi izinin buɗe shago a garinsu, sai hukuma ta hana shi, wai maƙera biyu da ke garin sun isa. Dalili ke nan ya koma Jena, ya buɗe ɗan shagonsa a watan Nuwamba, 1846, da jarin da wansa ya ranta masa.

Da farko gyaran kayan awo da sayar da tabarau ya riƙa yi. A 1847 ya fara ƙera madubin likita, watau na'urar nan da ke ƙara wa ƙananan halittu girma har ido ya gan su. Mutum ne mai tsanani wajen aiki. In yaransa suka haɗa madubi ya duba ya ga bai kai yadda yake so ba, sai ya ɗora shi kan maƙera ya farfasa da guduma a gabansu.

Amma akwai abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. A wancan zamani da lalube ake haɗa gilasai, a gwada wannan a cire, a sa wancan, har a dace. Zeiss ya haƙiƙance cewa lalle lissafi zai iya yin wannan aiki, shi kuwa iliminsa bai kai can ba, kuma bai ɓoye haka ba. A 1866, yana da shekara 50, ya jawo wani saurayi malamin jami'ar Jena, Ernst Abbe, ya ba shi aikin. Gilasan farko da Abbe ya lissafa ba su ma kai na lalube kyau ba, kuɗi kuwa na ta tafiya, amma Zeiss ya daure. Sai a 1872 aka fitar da madubin da lissafi ya haifa, ya kuwa kere tsara. Bayan 'yan shekaru Zeiss ya mai da Abbe abokin tarayya. A ganina nan ne girman mutumin yake, don ba kowane mai shago zai yarda yaronsa ya fi shi sani ba, balle ya raba riba da shi. A 1884 suka haɗa kai da Otto Schott, masanin narka gilashi, suka kafa masana'antar gilashi a Jena. Zeiss ya rasu ran 3 ga watan Disamba, 1888, yana da shekara 72.

Sai a 1890 kamfanin ya fitar da idon kyamararsa na farko, wanda Paul Rudolph ya tsara, shi ne kuma ya tsara Planar a 1896 da Tessar a 1902. Tun daga lokacin nan kamfanin ya riƙa ba wasu izini su ƙera irin nasa, kamar Bausch & Lomb a Amurka, da Krauss a Faransa, da Ross a Ingila.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya ƙara dagula al'amarin. A 1945 sojan Amurka suka kwashe manyan ma'aikatan Jena zuwa yamma, inda aka kafa sabon kamfani a Oberkochen, Rashawa kuma suka kwashe injuna zuwa ƙasarsu. Aka wayi gari da Zeiss biyu, ɗaya a Jamus ta Gabas ɗaya a ta Yamma, suna ta shari'a a kan suna, har ya zama na Gabas in zai sayar a wasu ƙasashen yamma sai dai ya rubuta Jena kawai. Ba su sake haɗuwa ba sai 1991. Su kuwa Rashawa suka ci gaba da buga tsarin Zeiss da sunayensu. Jupiter-8 kwafin Sonnar ne, Helios-44 da ke kan kyamarar Zenit kuwa daga Biotar aka samo shi.

Daga 1975, da aka fitar da kyamarar Contax RTS tare da kamfanin Yashica, gilasai da yawa masu sunan Carl Zeiss a Japan aka ƙera su bisa tsarin Jamusawa, daga baya kuma kamfanin Cosina ya yi irin wannan aiki. Saboda haka mai sayen tsohon ido ya juya shi ya duba gindinsa, galibi a nan ake rubuta ƙasar da aka yi shi.