Albert Lamorisse, Bafaranshen da ya yi wa yara fim kusan babu magana

A bikin Oscar na shekarar 1957 a Amurka, kyautar labarin fim mafi kyau da aka ƙirƙiro ta faɗa hannun wani Bafaranshe, kan wani ɗan gajeren fim na minti 34 wanda maganganun da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Sunan fim ɗin Le Ballon rouge, wato jan balan-balan. Har yau babu wani gajeren fim da ya sake cin wannan kyauta. Wanda ya rubuta shi kuma ya ba da umarni shi ne Albert Lamorisse, mutumin da ya yi aikin silima na shekara ashirin da 'yan kai kawai kafin hatsari ya yi ajalinsa.

An haife shi a birnin Paris ranar 13 ga watan Janairu na 1922. Ya bi karatun silima a makarantar IDHEC ta Paris, ya fara da ɗaukar hoto, amma a Afirka ya soma aikin fim. A 1947 ya yi wani gajeren fim kan tsibirin Djerba na ƙasar Tunisiya, wadda a lokacin take ƙarƙashin Faransa. A can ne kuma ya ɗauki Bim, labarin wani yaro talaka mai suna Abdallah da ɗan jakinsa. Ɗan mai mulkin garin ya ga jakin ya yi sha'awa, ya sa aka ƙwace, yaron kuma ya ƙi haƙura. Mawaƙin Faransa Jacques Prévert ne ya sa hannu a rubutun kuma muryarsa ce ke ba da labarin. Duk wanda ya tashi a gidan da jaki ke ɗauko ruwa da itace ba ya buƙatar a fassara masa abin da Abdallah ya rasa.

Tun daga wannan fim aka ga hanyar da zai bi. Yaro guda, abokinsa wanda ba mutum ba ne, da manya ko wasu yara da ke son raba su. A 1953 ya fito da Crin-Blanc, wanda ya ɗauka a Camargue, yankin fadama da gishiri a kudancin Faransa inda kogin Rhône ke shiga teku. Wani farin ingarma ne na daji da makiyayan yankin suka kasa horarwa, sai ga wani ɗan masunci mai suna Folco ya samu kansa. Makiyayan suka biyo su da sukuwa har bakin ruwa, yaron da dokin suka faɗa ciki, igiyar ruwa ta tafi da su. Mai ba da labarin ya ce sun nufi wata ƙasa mai kyau, amma idon mai kallo ya ga abin da ya gani. Fim ɗin ya ci babbar kyautar gajerun finafinai a bikin Cannes na wannan shekara, ya kuma samu kyautar Jean Vigo.

A ganina wannan ƙarshe shi ne ya bambanta Lamorisse da yawancin masu yi wa yara fim a zamaninsa. Kamfanonin Amurka sun saba mayar da komai daidai kafin a kunna fitila a ɗakin kallo. Shi kuwa ya yarda cewa yaro na iya ɗaukar rashi, tunda ko ba a nuna masa a allo ba zai gamu da shi a gida.

Le Ballon rouge ya fito a 1956. Ɗansa Pascal, mai kimanin shekara shida, shi ne tauraron fim ɗin, 'yarsa Sabine kuma ta fito a matsayin wata yarinya mai shuɗin balan-balan. Labarin ba shi da wuya. Yaro na kan hanyar makaranta da safe, ya tarar da jan balan-balan maƙale a jikin fitilar titi, ya hau ya kwance shi. Aka hana shi shiga motar bas da shi. A gida aka jefar da shi ta taga, amma bai tafi ba, ya tsaya yana jira. Daga nan ya riƙa bin yaron kamar kare, wani lokaci yana tsokanarsa, yana ƙin a kama shi. Shugaban makaranta ya kulle yaron saboda shi, a coci ma aka kore su. Daga ƙarshe gungun yaran unguwa suka tare su a wani fili, suka harbe balan-balan ɗin da danƙo, ya fara saki a hankali har ya sauko ƙasa, wani ya take shi. Sai duk balan-balan ɗin da ke birnin Paris suka kuɓuce daga hannun masu su, suka taru wurin yaron, suka ɗaga shi sama.

Babu kwamfuta a lokacin. Da siririn zare ake jan balan-balan ɗin, mai ɗaukar hoto Edmond Séchan kuma ya san inda zai tsayar da kyamara don kada zaren ya fito. Masanin silima André Bazin ya yi rubutu a kan wannan: ƙarfin fim ɗin, a fahimtarsa, yana cikin yadda ake ganin yaron da balan-balan ɗin tare a hoto guda, ba a yanka an haɗa ba, don haka ido ya yarda cewa abin ya faru a kan titi da gaske. Ba kowa ya yaba ba. François Truffaut, wanda a lokacin yake sharhin finafinai kafin ya zama babban darakta, ya soki fim ɗin, yana ganin an yi masa ado ne don taɓa zuciya da gangan. Alƙalan Cannes dai sun ba shi Palme d'or ta gajerun finafinai, ya kuma samu kyautar Louis Delluc.

Akwai abin da fim ɗin ya adana ba tare da niyya ba. An ɗauke shi a unguwannin Ménilmontant da Belleville, na talakawa da ma'aikata, masu tsofaffin gidaje masu launin toka da matakalai da lunguna. Wannan toka ce ta sa jan balan-balan ɗin ke haskawa haka. Daga baya hukumomi suka rushe yawancin gine-ginen, a wani sashe na wurin yanzu akwai lambun shaƙatawa na Belleville. Masu son sanin yadda unguwar take a da sukan koma ga fim ɗin.

Rashin magana ya yi masa amfani fiye da kowace talla. Fim mai yawan zance sai an fassara shi ko an ɗora masa wata murya kafin ya ƙetare iyaka, wannan kuwa ba ya buƙata. Malamai a Amurka da wasu ƙasashe sun yi shekaru suna nuna shi a azuzuwa da 'yar na'urar majigi, yaran da ba su jin ko kalma ɗaya ta Faransanci suna bin labarin daga farko har ƙarshe. Aka kuma buga shi littafi da hotunan fim ɗin.

Wani abin mamaki, mutumin da ya yi waɗannan finafinai masu taushi shi ne ya ƙirƙiro wasan yaƙi da ake bugawa a kan taswirar duniya, ana jefa ƙwaya irin ta lido, kowa na neman cinye ƙasashen ɗan'uwansa. An fito da shi a Faransa a 1957 da sunan La Conquête du monde, kamfanin Parker Brothers na Amurka ya saya ya sake masa suna Risk a 1959. Har gobe ana sayar da shi, kuma da yawa daga masu buga shi ba su san wanda ya ƙirƙira ba.

Bayan Le Ballon rouge hankalinsa ya koma sama. Ya ƙera wata na'ura da ya kira Hélivision, wadda ke hana kyamara karkarwa idan ana ɗaukar hoto daga jirgi mai saukar ungulu. Da ita ya yi Le Voyage en ballon a 1960, inda Pascal ya sake fitowa a matsayin yaron da ya ɓuya a cikin babban balan-balan na kakansa suka ratsa Faransa ta sama. A 1965 ya yi Fifi la plume, labarin ɓarawon da ya samu fukafukai. Dogayen finafinan nan biyu ba su kai gajerun karɓuwa ba. Abin da ke riƙe mai kallo na rabin awa ba lallai ya riƙe shi awa ɗaya da rabi ba. Ya kuma yi gajerun finafinai kan Versailles da Paris daga sama.

Wannan ƙwarewa ce ta kai shi Iran. Ma'aikatar al'adu ta gwamnatin Sarki Mohammad Reza Pahlavi ta ba shi aikin ɗaukar ƙasar daga sama. Ya tsara fim ɗin ta yadda iska ce ke ba da labari, tana wucewa kan sahara da ƙauyuka da tsofaffin masallatai da kufai. Masu mulki ba su gamsu ba, suna son a ga masana'antu da sababbin gine-gine, shaidar cewa ƙasar ta ci gaba. Ya koma don ƙara waɗannan hotuna. Ranar 2 ga watan Yuni na 1970, yana ɗaukar madatsar ruwa ta Karaj kusa da Tehran, jirginsu ya sarƙe da wayoyi ya faɗi. Ya rasu yana da shekara 48.

Matarsa Claude da ɗansa Pascal suka ƙarasa aikin bisa bayanan da ya bari. Fim ɗin, Le Vent des amoureux, ya fito a 1978 kuma ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa don takarar Oscar, ana dab da juyin juya halin da ya kawar da gwamnatin da ta sa a yi shi. A 2007 daraktan Taiwan Hou Hsiao-hsien ya yi wani fim a Paris tare da Juliette Binoche don tunawa da shi, inda jan balan-balan ke bin wani yaro a sararin birnin.