Likita Panum da ciwon ƙyanda a tsibiran Faro

An haifi Peter Panum ran 19 ga watan Disamba 1820 a tsibirin Bornholm na ƙasar Danmak. Bai daɗe da gama karatun likita ba, yana ɗan shekara 25, sai gwamnatin ƙasarsa ta aike shi tsibiran Faro a shekarar 1846, domin annobar ƙyanda ta ɓarke can.

Faro ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar teku, mutanenta a lokacin ba su kai 8.000 ba. Rabon su da ƙyanda tun 1781, watau shekara 65. Wani kafinta ne ya zo da ita daga Kopanhag, babban birnin Danmak, a ƙarshen watan Maris. Kafin ta lafa ta kwantar da mutum wajen 6.000, ta kashe fiye da 100. Jarirai da tsofaffi ne suka fi mutuwa.

Ƙanƙantar ƙasar ita ta taimaki Panum. Ƙauyukan suna nesa da juna, baƙo kuwa ba ya shiga gari a rasa sanin ranar zuwansa. Ya bi ƙauye 52, galibi cikin kwalekwale, yana tambayar wa ya fara kwantawa, da wa ya gamu, a wace rana. A wani ƙauye, maza 10 sun tafi farautar manyan kifayen teku ran 4 ga Yuni, suka cuɗanya da mutanen wani gari. Ran 18 ga wata ƙuraje suka feso musu su duka. Da irin wannan lissafi ya tabbatar cewa cutar daga mutum zuwa mutum take tafiya, kuma takan yi kamar kwana 14 a jiki kafin ƙuraje su fito. A wancan zamanin likitoci da yawa gurɓatacciyar iska suke ɗora wa laifi. Ya kuma lura gidajen da suka rufe ƙofa, suka daina hulɗa da maƙwabta, sun tsira.

Babban abin da ya gano shi ne wannan: ya sami tsofaffi 98 waɗanda suka yi ƙyanda a 1781, ko ɗayansu bai sake kamuwa ba, alhali tsararrakinsu da ba su taɓa yin ta ba sun kwanta. Ashe ba tsufa ya kare su ba, jikinsu ne bai manta da cutar ba.

Daga baya ya ƙaro ilimi a Jamus da Faransa, ya koyar a jami'ar Kiel, sa'an nan a Kopanhag, inda ya rasu ran 2 ga Mayu 1885. Bai taɓa ganin ƙwayar cutar da idonsa ba, allurar riga-kafinta kuwa sai a 1963 aka fito da ita a Amurka.

Yau an san dalilin abin da ya gani. Ƙwayar ƙyanda ba ta sake kama yadda za ta ɓace wa jiki, shi ya sa allurar ke aiki har yanzu. Ƙwayar mura da ta korona kuwa sukan sake, kamar yadda nau'in Delta da na Omicron suka nuna a 2021, don haka ake sabunta allurarsu.

Ƙyanda ta sake gwada ƙarfinta a wata ƙaramar ƙasar tsibiri a 2019. A Samowa, mai mutum kamar 200.000, iyaye da yawa sun daina kai yara allura. Mutum 83 suka mutu, galibinsu yara ƴan ƙasa da shekara 5.