Florence Nightingale: matar da ta yaƙi ƙazanta a ɗakin marasa lafiya

 Kowace ranar 12 ga watan Mayu duniya na tunawa da ma'aikatan jinya, waɗanda muke ce ma anfirmiye. An zaɓi ranar ne saboda ita ce ranar haihuwar wata Baturiya mai suna Florence Nightingale. Yau tarihinta muka kawo muku.

An haife ta a shekarar 1820 a birnin Florence na Italiya, shi ya sa aka raɗa mata sunan garin. Ɗiyar masu hali ce ƴan Ingila, kuma mahaifinta da kansa ya koya mata lissafi da harsuna. Da ta girma ta ce ita fa jinyar marasa lafiya za ta yi, sai gida ya ɗauki zafi, don a lokacin ba a ganin jinya a matsayin aikin ɗiyar manya. Ta ƙi aure, ta yi ta haƙuri, har a 1851 ta tafi Kaiserswerth a Jamus ta yi ƴan watanni tana koyon aikin. A 1853 aka ba ta shugabancin wani ƙaramin gidan jinyar mata a Landan.

Ana nan sai yaƙin Kirimiya ya ɓarke, Rasha a gefe guda, Turkiyya da Ingila da Faransa a ɗaya gefen. A watan Nuwamba na 1854 ta isa asibitin sojojin Ingila da ke Scutari, cikin birnin Istambul na yanzu, tare da mata 38. Ta tarar da sojoji kwance jere cikin datti, ga ƙwarkwata, ga ɓeraye, masai sun toshe, ba isasshen sabuni, ba tufafin canji. Nan take ta sa aka hau wanke daɓe, ta buɗe wurin wanki, ta gyara kicin. Da dare takan zagaya da fitila tana duba majinyata, har aka yi mata laƙabi da mai fitila.

Amma duk da wannan ƙoƙari, mutuwa ba ta tsaya ba. A lokacin sanyin farko sojoji sama da 4,000 suka mutu a wurin, kuma akasarinsu ba raunin yaƙi ya kashe su ba. Kwalara ce, da atuni, da taifot. Ashe ginin kansa bisa magudanun ƙazanta yake zaune. A watan Maris na 1855 gwamnati ta aiko da kwamitin tsafta, aka yashe magudanu, aka gyara ruwan sha, aka buɗe hanyoyin shigar iska. Cikin ƴan watanni mace-mace suka sauko daga kusan kashi 42 cikin 100 zuwa wajen kashi 2.

Da ta koma gida a 1856, ita da wani masanin ƙididdiga, William Farr, suka bi alƙaluman mamatan wata bayan wata, ta zana su yadda ko wanda bai iya lissafi ba zai gani da idonsa cewa ƙazanta ta fi harsashi kisa. Da wannan hujja ta matsa wa hukumomi lamba har suka gyara barikokin soja da asibitoci. A 1859 ta rubuta littafin Notes on Nursing domin matan da ke jinya a gida, inda ta nanata iska mai kyau, ruwa mai tsabta, shimfiɗa mai tsabta, yawan wanke hannu da lura da majinyaci. A 1860 ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas na Landan. Mafi yawan aikin nan daga kwance ta yi shi, saboda zazzaɓin da ta ɗauko a Kirimiya bai sake ta ba shekara da shekaru. Ta rasu ranar 13 ga Agusta 1910 tana da shekara 90.

To, mu ina namu a ciki? Ba mu manta da kwalarar da ta shiga Madarumfa a 2018 ba, da wadda ta sake taɓa jihar Maraɗi a 2021. Kuma kowa ya san yadda jinya take a wurinmu. Ko a CSI ne, ko a babbar likitar Tasawa ko ta Mayahi, anfirmiye ya ba da magani ya wuce wajen na gaba. Mai kwana da majinyaci, mai ba shi kunu, mai kwashe bayan gidansa, uwa ce ko kaka ko ƙanwa. Hannunta ne ya fi taɓa shi.

Don haka masu jinya, a wanke hannu da sabuni bayan an fito daga masai, bayan an wanke wa yaro, kafin a ba da abinci, da kafin a taɓa miki ko cibiyar jariri. A zuba ruwan da buta, kar kowa ya tsoma hannu cikin kwano guda. Bayan gidan mai zawo a zuba shi a masai, a wanke fo da ruwan jabel. Ƴan dubiya su gaida mara lafiya su fito, kar a cika ɗaki. In anfirmiye ya ce a rage jama'a, ba wulaƙanci ba ne.

Ku kuma ƴan uwa na Najeriya, Libiya, Aljeriya da Kwaddebuwa, in za ku aiko da kuɗin magani, ku ƙara da na sabuni, ku kuma tambaya a waya ko an saya. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.