James Jamerson, makaɗin gitar bas da duniya ta taka rawarsa ba ta san sunansa ba

A shekarun 1960 da wuya a kunna rediyo a Amurka ko a Turai ba a ji wata waƙa ta kamfanin Motown ba. Jama'a sun san Marvin Gaye da Stevie Wonder da Diana Ross, sun haddace sunayen The Temptations da Four Tops. Mutumin da ke riƙe da gitar bas a ƙarƙashin yawancin waƙoƙin nan kuwa, sai da ya yi shekaru sama da goma yana aiki kafin a rubuta sunansa a bayan faifai. Sunansa James Jamerson. An ƙiyasta cewa ya yi kiɗa a waƙoƙi 23 da suka hau matsayi na ɗaya a babban jerin mujallar Billboard, amma ya rasu a 1983 yana da shekaru 47, ba aiki a hannunsa, gitar da ya yi suna da ita ma an sace ta.

Daga Karolina ta Kudu zuwa garin motoci

An haifi Jamerson ranar 29 ga Janairun 1936 a jihar Karolina ta Kudu, ya tashi a tsibirin Edisto kusa da birnin Charleston. Kakarsa tana kaɗa piyano, gwaggonsa kuma tana waƙa a coci, shi ma tun yana ƙarami ya fara taɓa piyano. A 1954 ya bi mahaifiyarsa zuwa Ditroit da ke jihar Mishigan. A lokacin baƙaƙen fata na kudancin Amurka suna kwarara zuwa wannan birni domin neman aiki a masana'antun motoci na Ford da General Motors da Chrysler.

A makarantar sakandare ta Northwestern ya ɗauki kwantarbas, wato babbar bas ta katako da ake kaɗawa a tsaye, wadda tsayinta ya kai na mutum. Ya riƙa sauraren manyan makaɗan jaz irin su Ray Brown da Paul Chambers, kuma kafin ya ƙare makaranta har ya fara kiɗa a gidajen rawa na dare. An ba shi damar karatun kiɗa kyauta a jami'ar Wayne State, ya ƙi, domin ya riga ya yi aure da Annie Wells kuma kiɗan dare yana kawo masa kuɗin cefane. Ya yi aiki da rukunin Washboard Willie mai kiɗan bulus, ya kuma bi mawaƙi Jackie Wilson yawon wasa gari-gari.

A 1959 Berry Gordy, wanda ya taɓa aiki a layin haɗa motoci, ya ranci dala 800 daga danginsa ya kafa kamfanin faifai da daga baya ya zama Motown. Ya sayi gida mai lamba 2648 a titin West Grand Boulevard, ya mayar da ɗakin baya sitidiyo. Makaɗan suka laƙaba wa ɗakin suna ramin macizai saboda wayoyin da ke reto daga rufi. Gordy ya tsara aikin kamar na masana'anta: wasu na rubuta waƙa, wasu na tsara ta, mawaƙa na zuwa su ɗora murya, rukuni guda na makaɗa kuma yana zaune kullum yana yi wa kowa kiɗa. Wannan rukuni shi ne Funk Brothers, da Earl Van Dyke a kan piyano, Benny Benjamin a kan ganguna, Robert White da Joe Messina da Eddie Willis a kan gitar, Jamerson kuma a kan bas.

Gitar guda, tsirkiya huɗu

Lokacin da Jamerson ya shiga sana'a, bas mai lantarki sabon abu ce. A 1951 Leo Fender ya fitar da Precision Bass a garin Fullerton na Kalifoniya. Matsalar kwantarbas a rukunin da ke yawon wasa a bayyane take: ba ta shiga mota sai an ɗaure ta a kan rufi, kuma in ganguna da ƙahoni suka tashi, ba a jin ta daga bayan ɗaki. Fender ya ƙera wadda ake ratayawa a wuya, ana haɗa ta da ampli, ya kuma gicciya ƙarafa a kan wuyanta domin mai kiɗa ya danna wurin da sauti yake daidai. Tsirkiyarta huɗu ce, Mi da La da Re da Sol, daidai da na kwantarbas.

Jamerson ya koma kanta a farkon shekarun 1960, ko da yake bai bar kwantarbas gaba ɗaya ba, da ita ya yi My Guy ta Mary Wells a 1964. Ta farko da ya samu, baƙa ƙirar 1957, daga hannun wani abokinsa makaɗi ta fito, aka sace ta. Wadda ya zauna da ita har kusan ƙarshen rayuwarsa ƙirar 1962 ce, ana kiranta Funk Machine.

Yadda ya riƙe ta ya saɓa da abin da ake koya wa masu kiɗa a yau. Yana ɗaura mata tsirkiya masu kauri na kamfanin La Bella, irin waɗanda aka naɗe da sumul ɗin ƙarfe, kuma ba ya canza su sai in ɗaya ta tsinke. Tsohuwar tsirkiya ba ta ƙara mai kaifi, sautinta na fita da nauyi sannan ya mutu da wuri. Ya bar soson da ke ƙarƙashin murfin ƙarfe na gindin gitar yana danne tsirkiyoyin, abin da ke ƙara gajarta sautin. Ya ɗaga su nesa da wuyan gitar har ta yi wa wasu makaɗa tauri, sai mai ƙarfin yatsu irin na ɗan kwantarbas ke iya danna ta. Maɓallan ƙara da na launin sauti duka a buɗe yake barinsu. Duk wannan domin gitar lantarki ta yi sauti irin na katakon da ya saba da shi.

A sitidiyo ba ya bukatar ampli nasa. Ana jona gitar kai tsaye cikin na'urar ɗaukar sauti ta wani akwati da injiniyoyin Motown suka haɗa da kansu. In zai fita wasa a gidan rawa sai ya ɗauki Ampeg B-15, ƙaramin ampli mai fitilu da ya fito a 1960, mai bafal guda na inci 15, wanda ake kife kansa cikin akwatinsa in za a tafi. Ƙarfinsa wat 25 zuwa 30 ne, ya ishi ƙaramin ɗaki. A manyan zauruka yana amfani da Kustom mai shuɗin rufi da bafal biyu.

Yatsa guda da ake kira ƙugiya

Da ɗan ali na hannun dama kaɗai Jamerson ke kaɗa tsirkiya, sauran yatsun suna kwance a kan murfin ƙarfen da ke tsakiyar gitar. Abokan aikinsa suka sa wa yatsan suna ƙugiya. Yawancin masu bas da yatsu biyu suke kiɗa mai sauri, shi kuwa da guda yake yi, yana jan yatsan ya ratsa tsirkiya biyu ko uku a bugu ɗaya.

Kafin shi, aikin mai bas a waƙoƙin kasuwa ƙanƙane ne. Yana buga tushen sauti, ya buga na biyar, ya koma, yana tafiya tare da babbar ganga. Jamerson ya shigo da abin da ya koyo a jaz. Yana cika tsakanin sauti da sauti da ƙananan matakai, yana faɗawa gaban bugu ko bayansa, yana taɓa tsirkiya ba tare da ya danna ta ba domin hannunsa ya samu lokacin komawa wani wuri. Sau da yawa takardar da ake ba shi jerin sautuka ce kawai, shi ke ƙirƙiro layin bas ɗin nan take, a zaman awa uku da ake ɗaukar waƙa uku ko huɗu. Wanda ya saurari For Once in My Life ta Stevie Wonder ta 1968 zai ji bas tana tafiya kamar mawaƙi na biyu, da wuya ta maimaita abin da ta yi a baya, amma masu rawa ba sa rasa inda za su sa ƙafa. A My Girl ta The Temptations kuma, bas ce ke buɗe waƙar ita kaɗai da ɗan bugu mai sauƙi kafin gitar ta shigo.

Yawancin abin da yake kaiwa sitidiyo da rana, da dare ya gwada shi. Funk Brothers suna tashi daga Motown su wuce gidajen rawa irin su Chit Chat Lounge su yi jaz har dare ya raba. Suna kuma satar jiki su yi wa wasu kamfanoni kiɗa duk da tarar da Motown ke ci. Da haka Jamerson ya yi bas a Boom Boom ta John Lee Hooker da kuma Higher and Higher ta Jackie Wilson, duka a Shikago. A farkon shekarun kamfanin yana bin The Miracles yawon wasa, amma daga 1964 aka tsayar da shi a Ditroit, domin masu tsara waƙa ba sa son ɗaukar sauti in ba ya nan. Zuwa 1968 albashinsa ya kai dala 1,000 a mako.

Suna ya fito, aiki ya tafi

Motown ba ta rubuta sunan makaɗanta a bayan faifai. Mai saye yana ganin hoton mawaƙi da sunan marubuci, shi ke nan. A Ingila Paul McCartney na The Beatles yana sauraren faifan yana koyon salon, ba tare da ya san sunan wanda yake koyo daga gare shi ba. Sai a 1971, a kundin What's Going On na Marvin Gaye, aka fara buga sunan Jamerson da na ƴan uwansa makaɗa. Abokan aikinsa sun ba da labarin cewa daga wani gidan rawa aka ɗauko shi a daren da za a ɗauki waƙar, ya sha har ba ya iya zama a kan kujera, sai ya kwanta rigingine a ƙasa ya kaɗa ta.

Labarin yana nuna gwanintarsa, yana kuma nuna ciwon da ke cin sa. Giya ta riga ta kama shi. Benny Benjamin, abokin da suka fi fahimtar juna a kiɗa, ya rasu a 1969. Kamfanin ya riƙa kiran Bob Babbitt ya riƙe bas a ranakun da ba a samun Jamerson.

A 1972 Motown ta kwashe kayanta ta koma Los Anjalis. Jamerson ya bi ta, amma a 1973 dangantakarsu ta ƙare. Da farko bai rasa aiki ba. Ya yi kiɗa a Rock the Boat ta Hues Corporation da Boogie Fever ta The Sylvers, duka sun hau matsayi na ɗaya, ya hau dandamali tare da Marvin Gaye a 1974, ya kuma bi Joan Baez yawon wasa a 1975.

Sai dai kunnen kasuwa ya canza. Tun 1966 kamfanin Rotosound na Ingila ya fitar da tsirkiya mai gurzau da ke ba da ƙara mai kaifi. Larry Graham na rukunin Sly and the Family Stone ya yaɗa salon marin tsirkiya da babban yatsa. Kiɗan disko yana son layin bas guda a maimaita shi daga farko har ƙarshe. Masu tsara waƙa a Los Anjalis suna miƙa takarda a rubuce suna son a bi ta yadda take. Jamerson ya ƙi canza tsirkiya, ya ƙi canza salo, wuyan gitarsa kuma ya lanƙwashe har wasu suna kukan sautinta ba ya zama daidai. Ga shan giya da yawan kwanciya asibiti. Zuwa farkon shekarun 1980 an daina kiransa.

A Maris na 1983 Motown ta yi bikin cika shekaru 25 a Pasadena, bikin da Michael Jackson ya yi rawar da duniya ta ɗauka. Masu tarihin Jamerson sun ruwaito cewa tikiti ya saya ya zauna a saman bene cikin ƴan kallo. Ranar 2 ga Agusta na wannan shekara ya rasu a Los Anjalis sakamakon ciwon huhu, bayan ciwon hanta da na zuciya sun raunana shi. Kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa aka sace Funk Machine daga gidansa, har yau ba ta dawo ba. Ya bar mata da ƴaƴa huɗu, cikinsu har da James Jamerson ƙarami, wanda shi ma ya zama makaɗin bas.

Abin da ya biyo baya

Wani makaɗin gitar, Allan Slutsky, shi ya tono tarihinsa. A 1989 ya fitar da littafin Standing in the Shadows of Motown, inda aka rubuta layukan bas na Jamerson, manyan makaɗa kuma, har da McCartney, suka sa hannu a faifan da ke tare da littafin. A 2000 aka shigar da Jamerson zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame, cikin rukunin farko na makaɗan da ke bayan mawaƙa. A 2002 aka yi fim mai sunan littafin, a 2004 kuma Funk Brothers suka samu kyautar Grammy ta aikin rayuwa. Mujallar Bass Player a 2017 da Rolling Stone a 2020 duka sun sa shi a matsayi na ɗaya cikin masu bas na duniya.

Kayan da aka guje shi saboda su ma sun dawo kasuwa. Kamfanin La Bella yana ci gaba da sayar da tsirkiya masu irin wancan kauri, Fender ba ta daina ƙera Precision Bass ba, tsohon Ampeg B-15 kuma ana nemansa a manyan sitidiyo. An binne Jamerson a maƙabartar Woodlawn ta Ditroit, kuma a 2021, shekaru 38 bayan rasuwarsa, danginsa da masoyansa suka tara kuɗi suka kafa masa babban dutsen kabari.