Janar Hassan Usman Katsina, mutumin da Ƙofar Gamji ke ɗauke da sunansa



'Yan uwa, duk ɗan Kaduna ya san Ƙofar Gamji, wurin shaƙatawar nan na bakin kogi ta wajen Kabala. Ranar Sallah ba masaka tsinke, yara na guje-guje, manya na ɗaukar hoto a kan 'yar gadar nan ta Gwamna Lugga da aka ciro daga Zungeru. To amma a hukumance wurin yana ɗauke ne da sunan Janar Hassan Usman Katsina, kuma in ka tambayi matasanmu wane ne shi, da wuya amsar ta wuce cewa wani soja ne. Gamji dai laƙabin Sardauna ne. A ganina haɗuwar sunayen nan biyu a wuri ɗaya ta dace, domin Hassan aka damƙa wa Arewa 'yan kwanaki bayan an kashe Sardauna.

An haife shi a Katsina a 1933. Ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo ne, jikan Sarki Muhammadu Dikko. Ya yi Barewa, ya shiga soja a 1956, ya yi horo a Sandhurst ta Ingila. Ɗan sarki ya zaɓi kaki a zamanin da manyan gidaje da yawa ke kallon soja a matsayin aikin 'ya'yan talakawa.

Daren 15 ga Janairun 1966 ya same shi a nan Kaduna yana Manjo, yana jagorantar rundunar motocin sulke. Manjo Chukwuma Nzeogwu da yaransa suka kashe Sardauna da matarsa Hafsatu, aka kashe kwamandan birged Birgediya Ademulegun. Sannan Nzeogwu ya tunkari Hassan da bindiga a hannu, yana son jin ɓangaren da yake. Hassan ya nuna masa yana tare da shi.

Har gobe akwai masu riƙe masa wannan. Ni ban riƙe ba. Duk wanda ya karanta babin tilasci a fiƙihu ya san hukuncin kalmar da aka ƙwato daga bakin mutum da makami. Ai Ammar ɗan Yasir, Allah Ya ƙara masa yarda, ya faɗi abin da ya fi wannan nauyi a hannun mushrikan Makka, kuma aka yi masa uzuri tunda zuciyarsa na nan daram. Mai son ya auna Hassan sai ya duba abin da ya yi da ran da ya tsira da shi.

Janar Ironsi ya naɗa shi Gwamnan Soja na Jihar Arewa yana da shekara 32. Ku yi tunani, jama'a: daga Sakkwato zuwa Borno, daga Katsina zuwa Ilori da Makurɗi, duk a wuyan saurayi ɗaya, ga mutane cike da baƙin ciki da fushi. Bai nuna ya fi kowa sani ba. Ya riƙe gogaggun ma'aikatan da Sardauna ya bari, irin su Malam Ali Akilu, ya jingina da sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

Nan ne wurin da ba ma son tsayawa in muna ba da tarihi, amma dole a tsaya. A watan Mayun 1966 Ironsi ya fito da Doka ta 34 wadda ta rushe tsarin jihohi, rikicin Araba ya ɓarke. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin mulkin, aka kashe Ironsi. A Satumba da Oktoba aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa da mata da yara, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wallahi wannan ba ya halatta. Laifin wani ba ya hawa kan wani, kuma maƙwabcin da ya zauna cikinku da aminci, jininsa da dukiyarsa amana ce. Da sojojin Bataliya ta 5 suka yi bore a Kano a farkon Oktoba suka shiga kisa, Hassan da kansa ya tafi Kano ya tsaya gaban mutanen da suka daina jin maganar hafsoshinsu. Bai iya hana duk abin da ya faru ba, wannan gaskiya ce, kuma a ƙarƙashin mulkinsa ya faru. Amma ya san inda shugaba ya kamata ya tsaya a irin wannan rana, kuma can ya tsaya.

Ya halarci taron Aburi a Ghana a Janairun 1967. Ranar 27 ga Mayun shekarar Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, shida a Arewa, wato kujerar Hassan ta tashi ke nan. Wani ne da sai ya tayar da jijiyar wuya. Shi kuwa ya goyi bayan abin, har ya shugabanci hukumar riƙon ƙwarya da ta kula da kadarorin da sababbin jihohin suka yi tarayya a kai. A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya zama Babban Hafsan Sojan Ƙasa. Ya bar aiki a 1975 yana Manjo Janar.

Sauran rayuwarsa a Kaduna ya yi ta, yana Ciroman Katsina, ga son dawaki da wasan folo da ya gada a gida. Da mahaifinsa ya rasu a 1981 ɗan'uwansa Muhammadu Kabir ne ya hau gadon sarauta, shi kuma ya ci gaba da zamansa, manya na zuwa neman shawara, masu buƙata na zuwa da tasu. Ya rasu ranar 24 ga Yulin 1995 yana da shekara 62. Ban da Gamji, gidan gwamnati na Kawo da babbar kwalejin kimiyya da fasaha ta Katsina duk sunansa suke ɗauke da shi.

Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya. Amin.